Tambaya Kan Aikin Garambawul a Masana'antar Takarda

Mai walda, daga karkarar Ringim

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure, tare da fatan an yi kaka lafiya. Ni mai walda ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, kuma yawancin aikina bai wuce ƙofofi da tagogi da gyaran garmar shanu da amalanke ba, sai tankunan ruwa jefi-jefi. Wani ɗan garinmu da ke aiki ƙarƙashin wani ɗan kwangila a kudu ya aiko mini cewa masana'antar takardar da suke yi wa aiki za ta tsayar da injinanta baki ɗaya domin garambawul na shekara, kuma ana neman ƙarin hannu, wato masu walda da masu haɗa bututu da leburori. Ya ce aikin ba zai wuce mako biyu ba, amma awa 12 ake yi kullum babu ranar hutu, wasu da rana wasu da dare, kuma abin da mutum zai samu ya fi abin da shagona ke kawowa a watanni.

Gero da dawa sun riga sun shiga rumbu, wake ma an kusa gamawa, saboda haka gona ba za ta riƙe ni ba. Mahaifina ya ce ba zai hana ni ba, amma sai in fara tambayar waɗanda suka san aikin, domin shi bai taɓa ganin inda ake yin takarda ba, ni ma haka. Ina so in san irin aikin da ake ba baƙon mai walda irina a wannan lokaci, da abin da ya kamata in tafi da shi, da maganar da ya kamata in daidaita da ɗan kwangila kafin in hau mota. Sai kuma abin da ya fi ɗaure mini kai: ɗan garin namu ya ce ba a barin kowa ya taɓa ƙarfe sai an zaunar da shi an yi masa bita kan kiyaye haɗari, kuma har kwaɗo ake raba wa kowa da makullinsa. A fahimtata haɗarin masana'anta yana cikin injin da ke juyawa ne. To idan an kashe komai, mene ne kuma abin tsoro?

Tsohon fita, daga Dawakin Tofa

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya saka wa mahaifinka da alheri da ya turo ka tambaya kafin tafiya. Na yi shekaru masu yawa ina aikin fita, wato haɗa injina da gyaransu, a masana'antu, har da ta takarda, kuma zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin duk sauran a ƙarƙashinta suke.

Masana'antar takarda tana aiki ne dare da rana, wata da watanni, saboda kashe ta da sake tayar da ita asara ce babba. Duk gyaran da ba zai yiwu ba sai an buɗe cikin inji ana tara shi ne har zuwa ranar garambawul. Lokacin da take aiki, tururi yana cikin bututunsa, soda tana cikin tankinta, komai a rufe yake, mutum kuma yana waje yana duba agogon matsi. Ranar da aka tsayar da ita, sai a kwance ƙusoshi a buɗe murafu, mutum ya shiga inda tururi da soda suke zaune jiya. Ga kuma jama'a sun ninka, kuma mafi yawansu baƙi ne irinka da ba su san wane bututu ne ya fito daga ina ba. A ganina babu lokacin da masana'anta ta fi haɗari kamar waɗannan kwanaki.

Ya kamata ka san abin da ke cikin waɗannan bututai. Inda ake dafa itace, ana yanka gungume ƙanana-ƙanana a zuba a wata doguwar tukunya tare da soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, da wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, a dafa a zafin da ya kai digiri 170 ƙarƙashin matsi, har sai ƙaron da ya haɗa zaruruwan itacen ya narke. Zaruruwan su ne ƙullun takarda. Ruwan da ya rage baƙi ne ƙirin mai kauri, kuma ba a zubar da shi, ana ƙafar da shi ne a ƙona a wata katafariyar tukunyar tururi domin a samu wuta a kuma dawo da sinadaran. A gindin wannan tukunya sinadaran suna narkewa su zama ruwan wuta, kuma idan ruwa ya haɗu da su kafin su huce, fashewar da ke biyo baya tana iya tsaga tukunyar. Shi ya sa ake jira ta huce sosai kafin a wanke ta, kuma ko bayan wankin ba a shiga ƙarƙashi sai an tabbatar babu dunƙulen gishirin da ya maƙale a sama, domin wani dunƙulen ya fi buhun siminti nauyi.

Maganar kwaɗo kuwa ga yadda take. Kafin a taɓa famfo ko injin lantarki ko bututu, ma'aikacin gidan zai kashe wutarsa daga tushe, ya rufe bawul, ya sa kwaɗo, ya jefa makullan a wani akwati. Kowane mutum da zai yi aiki a wurin sai ya rataya nasa kwaɗon a jikin akwatin, ya sa makullin a aljihunsa. Na sha ganin akwati ɗaya da kwaɗi sun yi masa cunkus har ba a ganin murfinsa, kowanne da sunan mai shi a rubuce. Muddin naka yana rataye, babu wanda zai iya buɗe akwatin ya mayar da wuta. Kada ka ba kowa makullinka, ko da ɗan garinku ne, kada kuma ka yarda heluma ya ce nasa kwaɗon ya ishe ku duka. Bayan an rufe, ka nemi a danna maɓallin tayar da injin a gabanka ka ga bai motsa ba, domin yana yiwuwa an kashe na kusa da shi ne bisa kuskure.

Wutar lantarki ma ba ita kaɗai ake rufewa ba. Bututun da aka ce an zubar da ruwansa yakan riƙe sauran soda mai zafi a inda ya lanƙwasa, bawul kuma yana iya yoyo ko da an murɗe shi har ƙarshe, shi ya sa ake zura farantin ƙarfe a tsakanin bakin bututu biyu idan mutane za su shiga tanki. Idan aka sa ka taimaka wajen kwance bututu, ka fara sassauta ƙusoshin da ke can ɗaya gefen, nesa da fuskarka, kada ka cire su gaba ɗaya sai ka ga babu abin da ke tsartuwa.

Shiga tanki shi ne abin da na fi so ka riƙe. Ka san yadda masu yasar rijiya suke zura fitila kafin su sauka tsohuwar rijiya, kuma ka san labarin da ba ya ƙarewa a ƙauyukanmu, na wanda ya sauka ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi, na uku ma ya bi, aka fitar da gawa uku maimakon ɗaya. Tankin masana'anta haka yake, sai dai a nan ba a zura wuta ko kusa, na'urar gwada iska ake zurawa sama da tsakiya da ƙasa. Ba a shiga sai da takardar izini, da injin hura iska yana aiki, da mutum ɗaya a bakin ƙofa wanda ba shi da wani aiki sai rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita. Idan wani ya faɗi a ciki, ka yi kururuwa ka kira masu ceto da ke da tukunyar numfashi, amma kada ka shiga. Na san wannan magana tana da nauyi ga Bahaushe, domin an tashe mu da cewa ba a barin ɗan'uwa a cikin wahala, amma iskar da ta kayar da shi ba za ta ƙyale ka ba.

Game da irin aikin da za a ba ka, kada ka sa rai da waldar bututun tukunyar tururi. Wannan sai wanda aka gwada hannunsa aka ba shi shaida, kuma bayan ya gama ana ɗaukar hoton cikin waldar da na'ura mai haske mai cutarwa, yawanci da dare, a kewaye wurin da igiya. Idan ka ga wannan igiya, kada ka tsallaka ta don rage hanya. Mai yiwuwa a sa ka gyaran matakala da dandamali da maɗaurin bututu, ko ka zama mataimakin babban mai walda, kuma wannan ba ƙasƙanci ba ne, nan ne ake koyon aikin.

Injiniya, daga Kazaure

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar. Ina so in ƙara abu ɗaya da zai iya canza hoton da ƙanenmu zai tafi da shi. Manyan masana'antun takarda da gwamnatin tarayya ta kafa uku ne: ta Jebba a jihar Kwara wadda ta fara aiki a 1969, da ta Oku Iboku a jihar Akwa Ibom da aka gina domin takardar jarida, da ta Iwopin a jihar Ogun. Dukkansu sun durƙushe a wani lokaci, daga baya aka sayar da su ga 'yan kasuwa. Yawancin takardar da ake yi a ƙasar nan yanzu daga tsofaffin kwalaye da takardu ake yin ta, irin waɗanda ake tarawa a Kano a ɗaure a loda a manyan motoci. Saboda haka zai yiwu inda za shi babu tukunyar dafa itace da baƙin ruwa. Abin da zai tarar shi ne wata ƙatuwar ƙwarya ta ƙarfe mai farfela a gindi da ke dama tsohuwar takarda da ruwa, da tankunan ƙullu, da tukunyar tururi, da injin takardar kansa. Shi wannan injin yana karɓar ƙullun da zaruruwan cikinsa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, sauran duk ruwa ne, ya shimfiɗa shi a kan raga, ya matse a tsakanin manyan gangunan ƙarfe, ya busar a kan wasu gangunan da tururi ke ɗumama cikinsu. A lokacin garambawul ne ake sauya raga da barguna, a ɗaga ganguna masu nauyin tan da yawa da ƙugiya, a sauya dogayen wuƙaƙen da ke kankare gangunan, waɗanda kaifinsu yakan raba safar hannu ta yau da kullum gida biyu.

Kada rashin baƙin ruwa ya sa a saki jiki. A watan Yulin 2008, a wata masana'antar takarda da ke Tomahok a jihar Wiskonsin ta Amurka, mutum 3 sun mutu suna walda a saman tankin da babu komai cikinsa sai ruwa da ragowar zaruruwan takarda. Binciken hukumar da ke duba haɗurran sinadarai ta ƙasar ya nuna cewa ƙwayoyin halitta ne suka ruɓar da zaruruwan suka samar da iskar haidurojin mai kama wuta. A watan Fabrairun 2017, a Dirida ta jihar Luwiziyana, ana tsakiyar garambawul na shekara, tankin gurɓataccen ruwa ya fashe a ƙarƙashin masu walda, mutum 3 suka mutu, 7 suka jikkata. Man tafentain, wani mai ne mai kama wuta da ke fita daga itace, shi ne ya taru a saman ruwan fiye da yadda aka saba, iska kuma ta shiga tankin, duk saboda sauyin da tsayar da aiki ya kawo. Mutanen ba tankin suke gyarawa ba, bututu ne a samansa. A watan Satumbar 2020 kuma, a Kantan ta jihar Karolaina ta Arewa, shi ma lokacin garambawul, ma'aikatan wani ɗan kwangila suna shafe cikin wata hasumiya da wani ƙaro mai kama wuta, na'urar hura zafi ta faɗa cikin bokitin ƙaron, gobarar ta ƙetara zuwa hasumiyar da ke haɗe da ita ta kashe mutum 2 na wani ɗan kwangilar daban. A biyun nan na ƙarshe waɗanda suka rasu duk 'yan kwangila ne, ba ma'aikatan gidan ba.

Abin da nake so ka ɗauka daga nan, ƙanena, shi ne tambayar da za ka riƙa yi kafin ka kunna wuta: mene ne a cikin wannan abin, mene ne a ƙarƙashinsa, kuma su wa ke aiki a ɗaya bakin? Takardar izinin walda tana da wuri da lokaci a rubuce, ba ta bin mutum duk inda ya je, kuma idan aka yi hutun cin abinci ko aka sauya ma'aikata ya kamata a sake gwada iska. Ana kuma tsayar da mutum da tukunyar kashe gobara lokacin aikin, ya ci gaba da tsayuwa aƙalla rabin awa bayan an gama, domin ƙurar takarda da ke maƙale a saman injin tana iya riƙe tartsatsi ta yi ta ci a ɓoye.

Ga lambobin da za ka gani a na'urar gwada iska. Oksijin a iskar da muke shaƙa kashi 20.9 ne cikin 100, kuma idan ya sauka ƙasa da 19.5 ba a shiga. Iskar haidurojin salfaid tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iska nauyi saboda haka a ramuka da magudanai take kwanciya, kuma idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan tana kashe jin wari. Ke nan ɗaukewar warin ba alamar lafiya ba ce. A watan Janairun 2002 wannan iska ta taso daga magudanar wata masana'antar takarda a jihar Alabama ta kashe 'yan kwangila 2 da ke aiki a fili, ba ma cikin tanki ba. Ita kuma iskar agon da ake amfani da ita wajen waldar ƙarfen da ba ya tsatsa ba ta da wari ko kaɗan, amma tana korar oksijin daga cikin bututu, don haka kada ka zura kanka ciki don duba bayan walda.

Ma'aikaciyar jinya, daga Birnin Kudu

Sannunku da ƙoƙari, Baba da Injiniya. Ni ban san inji ba, amma na san yadda jiki yake dawowa daga irin wannan aiki, kuma ina so in yi wa ƙanenmu magana kan soda. Ruwan batir idan ya taɓa fata nan take yake zafi, mutum ya ruga ya wanke. Soda kuwa sau da yawa santsi kawai mutum zai fara ji, alhali tana cin nama tana nitsewa, musamman idan ta shiga cikin takalmi ko safar hannu. Da zarar ta taɓa ka, ka tuɓe rigar ko takalmin ba tare da jin kunya ba, ka tsaya ƙarƙashin ruwa mai gudu ba ƙasa da minti 20 ba. Idan ido ne, ka buɗe shi da yatsu a cikin ruwan ko da yana rufewa da kansa, a ci gaba da wankewa har a isa asibiti. Kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki, kada kuma a ce za a kashe ta da tsami. A ranar farko ka gane inda famfon wanke ido yake a sashen da aka kai ka, ka murɗa ka ga yana kawo ruwa, domin wanda soda ta shiga wa ido ba ya iya neman hanya.

Zafi ma abin lura ne. Kai ɗan Jigawa ne ka saba da rana, amma zafin kudu mai gumi ne, ga kayan walda, ga cikin tanki. Ka riƙa shan ruwa kafin ƙishirwa ta kama ka, ka tafi da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, kuma idan fitsarinka ya yi duhu ko ya ragu, ko ka ji jiri da ciwon kai, ka fita ka faɗa. Ka toshe kunnuwanka ko da abokan aiki sun yi maka dariya, domin jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa. Idan ka daɗe ba ka yi allurar rigakafin sandarewar jiki ba, ka yi ta a asibitin da ke kusa da ku kafin tafiya.

Sai abin da ya fi damuna, kuma zan faɗe shi a fili. Idan aka shiga mako na biyu jiki ya gaji, za a sami wanda zai miƙo maka ƙwaya ya ce tana ƙara ƙarfi. Tiramadol tana sa jiri da barci, tana iya jawo farfaɗiya, kuma mutumin da ke saman dandamali ko cikin tanki ba shi da wurin faɗuwa lafiya. Maganin gajiya barci ne. Idan ka tashi aiki ka ci abinci, ka yi sallah, ka kira gida, ka kwanta, ka bar hira da kallon waya sai ka dawo.

Ɗan cin rani, daga Sule Tankarkar

Ina neman afuwar manya, amma akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma shi ne ya fi cin irinmu. Duk abin da Baba da Injiniya suka faɗa gaskiya ne a inda ake bin ƙa'ida. Na yi irin wannan aiki a matsayin lebura, kuma abin da na gani shi ne masana'anta tana da dokokinta a rubuce a bango, amma mu ba ita ta ɗauke mu ba, wani ƙaramin ɗan kwangila ne da ya karɓi aikin daga hannun wani. Hular kwano ya ba mu, takalmi kuwa ya ce kowa ya sayi nasa ko a cire daga kuɗinsa. Da aka gama aiki ya biya mu rabi ya ce sauran sai an biya shi, muka zauna muna cin guzurinmu har muka haƙura muka taho. Kuma wanda ya cika tambayar ina takardar izini, gobe ba ya ganin sunansa a jerin masu aiki.

Saboda haka, ɗan'uwa, shawarata ita ce kada ka bar shagonka sai ka ji amsar waɗannan daga bakin ɗan kwangilar kansa, ba daga ɗan garinku ba: nawa ne kuɗin yini, awa nawa ya ƙunsa, nawa ne na ƙarin lokaci da na dare, yaushe ake biya, wa ke da kuɗin mota zuwa da dawowa, ina za a kwana, wa zai ba da kayan kariya, kuma ko ana biyan ranar bita da lokacin da aka zauna jiran izini. Ya rubuto maka ko da a saƙon waya ne, ka ajiye. Ka kuma ɓoye kuɗin motar dawowa a wurin da ba za ka taɓa ba.

Injiniya, daga Kazaure

Malam, maganarka tana kan hanya, kuma ba na musun cewa haka ake yi a wurare da dama. Abin da zan ƙara shi ne doka ba ta bar ɗan rana a baya ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, ta haɗa da wanda aka ɗauka na wucin gadi ko da da baki aka yi yarjejeniyar, kuma wanda ya ɗauki ma'aikatan ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire shi daga kuɗin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni ya sanar da wanda ya ɗauke shi aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar. Don haka kowane rauni, komai ƙanƙantarsa, a rubuta shi a asibitin masana'antar a ranar, kada a yarda heluma ya ce a je kemis a rufe maganar. Katin shiga da za a ba ka da sunanka a rajistar bita su ne shaidar cewa ka yi aiki a wurin, ka ɗauki hotonsu. Game da tsoron kora kuwa, jami'in kiyaye haɗari na masana'antar ba ƙarƙashin ɗan kwangila yake ba, kuma shi ya kamata a kai wa magana idan aka ce a shiga tanki ba izini. Ban ce babu wanda zai rasa aikinsa a kan haka ba, amma a ganina rasa kuɗin mako biyu ya fi sauƙi ga mai iyali.

Mai walda, daga karkarar Ringim

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa mahaifina duka, kuma ya ce in aika wa ɗan kwangilar tambayoyin da ɗan'uwanmu na Sule Tankarkar ya lissafa, idan amsa ta zo a rubuce in tafi. Baba, saura abu ɗaya: ɗan garinmu ya ce kwanakin ƙarshe su ne masu sauƙi saboda an gama manyan ayyuka. Haka ne?

Tsohon fita, daga Dawakin Tofa

A'a, ɗana, a nan ban yarda da shi ba. Kwanakin farko na jira ne, za ka ga ƙarti zaune a kan bokitai tun asuba suna jiran tanki ya huce ko a sa hannu a takarda, har ka ɗauka ba a aikin komai. Idan aka buɗe injina kuma sai a tarar da ɓarnar da ba a san da ita ba, aiki ya ƙaru, amma ranar tayar da masana'anta ba ta matsawa, domin kowace awa da ta wuce ba a yin takarda kuɗi ne. Saboda haka kwanakin ƙarshe su ne na gaggawa, ga gajiya ta taru, ga mutane suna aiki wasu a saman wasu, ana kwance dandamali ana cire farantan da aka toshe bututu da su.

Kuma ba a tayar da masana'anta gaba ɗaya lokaci guda. Tukunyar tururi ce ke fara tashi, sai a sako tururi a hankali cikin bututan da suka yi sanyi, kuma idan ruwa ya kwanta a cikinsu za ka ji suna bugawa kamar za su tsinke. Bututun da ka jingina da shi jiya yana da sanyi yau yana iya ƙona ka, famfon da ka saba tsallakewa yana iya tashi daga ɗakin sarrafawa ba tare da kowa ya zo kusa da shi ba. Kowace safiya ka tambayi wane sashe aka mayar wa ma'aikatan gidan, kada ka dogara da abin da ka sani jiya. Idan ka gama aikinka, ka ƙirga kayan aikinka ka tabbatar ba ka bar guduma ko guntun ƙarfe a cikin bututu ba, ka cire kwaɗonka da hannunka, ka sa hannu a takarda. Idan daga baya ka tuna ka manta wani abu a ciki, kada ka koma da kanka ko da minti ɗaya ne, ka gaya wa heluma a sake rufewa a sake ba da izini.

Cikin kayan tafiyarka ka sa gilashin waldarka da ka saba da shi, da riguna masu dogon hannu na auduga zalla, domin na roba suna narkewa su manne a fata idan tartsatsi ya same su. Ka sa gidan sauro da tocila da katin shaidarka na ɗan ƙasa, ka kuma bar wa mahaifinka lambar ɗan kwangilar da ta ɗan garin naku. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, ka gaida mahaifin naka.